Faifan da Aka Ba Kawu

A gadar Ngeli na rabu da akwatin kayan aikina, tun ƙafata ba ta gama shiga ƙasar Cadi ba. Sunana Isuhu, mai gyaran rediyo ne ni daga Damagaram, bokona bai wuce firamare ba. Abin da na dogara da shi bayan Allah duk yana cikin wannan akwati: ƙarfen narka dalma, da mitar gwada wuta, da sukurdirebobi manya da ƙanana. Wani mutum mai farar jallabiya ya ji ina tambayar hanya da Hausa, ya amsa mini da Hausa mai daɗi, har yana tambayar mutanen gida. Ya ce 'yan duwan, wato kwastan, ba sa barin baƙo ya ƙetare da ƙarafa, amma shi sun san shi.

"Kawo in wuce maka da shi, ɗan'uwa. Mu haɗu can gindin darbejiyar nan."

Zuciyata ta ce kar ka ba shi. To amma zuciyata haka take cewa a kan komai, ko ruwa zan sha sai ta ce in leƙa ƙoƙon, har na gaji da sauraronta. Na miƙa masa. Na tsaya gindin darbejiya tun hantsi har aka kira la'asar, ina bin kowace farar riga da ido.

Daga nan wani mai babur ya sauke ni a unguwar Milezi cikin Injamena, inda aka ce mini akwai Hausawa. Na daɗe ina kwana a barandar wani masallaci. Larabcin Injamena ba irin na littafi ba ne, in na yi gaisuwa da ɗan abin da na sani sai a yi dariya. Faransancina na firamare kuwa ya yi tsatsa. Da safe in zaga rumfunan masu gyara in ce na iya aiki, su ce ina kayan aikinka, in sunkuyar da kai. Na bar matata Hadiza da 'yarmu a gidan yayana, na sayar da teburina da rumfata, na kuma ce musu ba zan wuce damina ɗaya ba. Wannan maganar ita ke hana ni haɗiye abinci ranar da na samu.

Wata tsohuwa mai fura a ƙofar masallacin, Inna Talatu, ita ta fara kallona kamar mutum. A garin aka haife ta. Kakarta ce ta taso daga Damagaram a ƙasa za ta Makka, ƙafa ta gaza a bakin kogin Shari, suka zauna.

"Kai, sake gaishe ni in ji," ta ce.

Na sake.

"Wayyo, bakin kakata ke nan. Zauna ka sha."

Ita ta tura ni wurin Alhaji Sule, wanda shi ma jikan mahajjata ne. Ofishinsa yana unguwar Kabalaye, aikinsu fitar wa 'yan kasuwa kaya daga hannun duwan. A shekarun nan ana ta zancen man fetur a kudu, manyan motoci daga Duwala ba sa yankewa. Alhaji ya dube ni sama da ƙasa, ya tambaye ni ko na san injin wuta, wanda a can suke ce wa gurup. Na ce na sani. Ya ba ni aikin kula da shi, ya ba ni ɗaki a bayan sitonsa na Milezi, ya kuma tsaya mini aka yi mini takardar zama. Aikina da ɗakina da takardata duk suka taru a hannun mutum ɗaya. Ba mugu ba ne, ban taɓa ganin mai kyauta irinsa ba. Amma tun ranar na fara tunanin yadda zan yi in ya juya mini baya.

A can ƙuryar ofis akwai ɗan ɗaki mai na'urar sanyaya iska. Nan babbar kwamfuta take, wadda duk kwamfutocin akawu ke ɗiba daga gare ta. Serba suke ce mata. Mai kula da ita Misye Naji ne, wani dogon Kirista daga Mundu, mai yawan dariya. Ya lura ina leƙe duk lokacin da ya buɗe cikinta, sai ya fara kirana in riƙe masa fitila. Garba direban Alhaji kuwa ya sa mini suna Idan-kuma, domin wai ba a gama magana da ni ban ce "idan kuma" ba. Sunan ya bi ni har wurin mai shayi.

Wata Lahadi, ofis a rufe, Misye Naji ya ce in zo. Ya zo da sabon faifai, ƙarfe ne mai nauyi, bai fi sabulun wanki girma ba. Ya yi mini bayani a hankali da Faransanci irin na yara. Takardun aiki suna cikin wani babban faifai daban, su ana kwafe su duk mako. Amma akwai ƙarami wanda shi ke tayar da na'urar, a cikinsa kuma shirin da ke shirya takardun duwan yake, wanda ya sha wahala wata da watanni kafin ya daidaita shi. In ƙaramin nan ya mutu, na'ura ta zama gawa, ko da takardu suna nan lafiya. Don haka zai yi masa madubi. Duk abin da aka rubuta a wannan, a take za a rubuta a wancan, in ɗaya ya faɗi ɗayan ya riƙe.

Muka kashe ta, ya ɗaura sabon kusa da tsohon, ya haɗa wayoyi. Da muka kunna sai ya daina dariya.

"Nan ne wurin mutuwa, akuy," ya ce. Akuy ɗan'uwa ne da Larabcinsu. "Zan gaya mata wanne ne cikakke, wanne ne wofi. In na juya su, wofin zai hau kan cikakken, mu tashi ba komai."

Ya sa na karanta masa lambar da ke jikin kowanne, ya duba a allo, ya sake sa ni. Ni kuwa da ya bar ni da har magariba ina karantawa. Ya danna. Wani ɗan layi ya fito a allo yana rarrafe kamar hawainiya, ya ce sai ya kai ƙarshe kafin mu numfasa, kuma ya fi son kar wuta ta yanke a tsakani. Bai rufe baki ba aka ɗauke wutar gari. Na ruga na tayar da gurup, na tsaya a kansa cikin rana da jarkar mai a hannu, ina sauraron kowane tari da ya yi. Da azahar Misye Naji ya fito da burodi da kifin gwangwani, ya raba biyu.

"Ba alade, malam, ci. In ka faɗi wa zai riƙe mini injin?"

Sai bayan la'asar layin ya cika. Na ɗauka an gama, ya ce saura. Ya yi wani ɗan rubutu a farkon sabon faifan, wanda zai sa shi ma ya iya tayar da na'urar shi kaɗai. Ya ce mutane da yawa nan suke mantuwa, su gina ɗaki na biyu ba su yi masa ƙofa ba. Sannan ya kashe ta, ya nuna mini wayar tsohon faifan.

"Cire."

"Ni?"

"A'a, kakarka. Cire mana."

Na cire. Ya kunna. Ta yi ɗan ƙorafi a allo, sannan ta tashi sarai kamar ba abin da ya faru. Muka mayar, muka jira suka sake daidaita, muka cire ɗayan, nan ma ta tashi.

"Idan kuma duka biyun suka mutu rana ɗaya fa?" na ce.

"Sai ka koma Damagaram, ni in koma Mundu, Alhaji ya koma sayar da goro."

Ya koya mini abin da zan duba kowace safiya: ƙananan fitilu biyu koraye a gaban akwatin, da layi ɗaya a allo. Ba a daɗe ba ya sami aikin da ya fi wannan a Duwala, ya tafi. Ranar sallama ya ce wa Alhaji serba ba ta buƙatar kowa, Isuhu ya san abin dubawa. Alhaji ya dafa kafaɗata ya ce, "To amanarka ce. Muddin tana tafiya, kana nan."

Watannin da suka biyo baya su ne kawai na yi barci mai daɗi a ƙasar Cadi. Na aika wa Hadiza turmin atamfa ta hannun wani direba. Har na fara auna ɗakina da ido, ina tunanin inda za a sa gado in na ɗauko su.

Wata Juma'a bayan masallaci Alhaji ya shigo da baƙo, Kawu Adamu, ƙanin mahaifiyarsa. Shi ya rene Alhaji bayan rasuwar ubansa, ya kuma ba shi 'yarsa aure. Tsohon akawun gwamnati ne, ya yi ritaya ya koma Tukra, can bayan gari. Alhaji yana zagawa da shi ofis yana nuna masa komai kamar yaron da ya ci jarrabawa. A hanya na ji Kawu yana cewa ya sayi tsohuwar kwamfuta a gwanjo don ya riƙa buga wa mutanen unguwa takardu, ashe an cire faifanta kafin a sayar. Suka iso ɗan ɗakina.

"Isuhu, yi wa Kawu bayanin tagwayen nan naka."

Na durƙusa na gaishe shi, na buɗe akwatin, na yi bayani tun daga farko ban bar komai ba, don kar a ce na rage. Kawu ya gyara tabarau ya leƙa.

"Wato abin da ke cikin wannan shi ne cikin wannan?"

"Shi ne, Baba."

"Ba ƙari, ba ragi?"

"Babu, Baba."

"In aka cire ɗaya fa?"

Na dubi Alhaji, yana ta murmushi. "Za ta ci gaba da aiki, Baba, sai dai..."

"Ikon Allah," in ji Kawu. Ba ni yake kallo ba, ba Alhaji ba, bango yake kallo. "Wannan biyu gare ta, tawa ko ɗaya babu."

Ya juya ya fita. Na ga murmushin Alhaji ya tafi, ban gane dalili ba sai da Garba ya ja ni gefe.

"Idan-kuma, yau bakinka ya yi aiki. Mu nan babba ba ya roƙo. In ya ga abu biyu a hannunka ya ambaci rashinsa, magana ta ƙare."

Kafin Kawu ya gama shan shayi Alhaji ya dawo shi kaɗai.

"Ciro ɗaya ka naɗe da kyau."

"Alhaji, don Allah a nemo masa wani a kasuwa. Nasa ba sai irin wannan ba."

"Wannan ya gani da idonsa. In na kai masa wani, na ce masa ke nan wannan ya fi ƙarfinsa. Mutumin da ya sayar da gonarsa ya sa ni makaranta?"

"Idan kuma ɗayan ya..."

"Idan kuma, idan kuma! Ba kai ka ce za ta yi aiki ba? Zan sa a aiko da wani daga Duwala. Ciro."

Na kashe ta, na ciro sabon, na naɗe shi da soso da leda na ɗaure. Alhaji ya kai wa Kawu da hannu biyu a gaban akawuna duka. Kawu ya ce ai da ka bar shi, Alhaji ya rantse, Kawu ya karɓa ya sa masa albarka.

Daga ranar fitila ɗaya nake tararwa da safe. Duk sa'ad da aka kunna na'urar sai ta rubuta cewa abokin faifan ya ɓata, ni kaɗai nake karantawa. Na tuna wa Alhaji zancen Duwala, ya ce yana sane. Na sake tunawa, ya ce an yi magana. Da na sake, ya ce in na ƙara ɗaga masa zancen nan ransa zai ɓaci. Sai na koma kara kunne a jikin akwatin ina sauraro. Wani lokaci in ji kamar sautin ya sauya, in kira Garba, ya saurara ya ce cikinka ne ke kuka, je ka ci abinci. Na aika wa Hadiza cewa su ƙara haƙuri, ban faɗi dalili ba, don ban san yadda zan ce mata zuwansu ya rataya a kan wani ƙarfe mai juyawa ba.

Bazara ta shigo. Wanda bai yi bazara a Injamena ba bai san zafi ba. Na'urar sanyaya iska ta lalace, na ɗauko fankar ɗakina na kafa wa serba, ni ina kwana a tsakar sito. Wutar gari tana zuwa tana tafiya kamar mai wasa da mutane.

Da hantsi abin ya faru, ofis cike da jama'a. Na ji ƙas, ƙas, ƙas daga cikin akwatin, kamar ana taɓa ƙarfe da farce. Wani akawu ya ɗaga murya ya ce allonsa ya daskare, na kusa da shi ma ya ce haka. Na kashe na kunna. Baƙin allo, da ƙas, ƙas. Na zauna a ƙasa.

Aka kira wani mai gyara daga cikin gari. Ya duba ya ce faifan ya tafi. Zai iya sa wani ya tayar da na'urar, amma shirin duwan ɗin nan sai wanda ya ɗaura shi. Aka buga lambar Misye Naji, wata mata ta ɗauka ta ce ba ta san shi ba. Kwanaki suka wuce. Motoci suna jere a Ngeli da kayan mutane a rana, 'yan kasuwa suka cika barandar ofis suna faɗa da Larabci da Hausa, wasu suka karɓe takardunsu suka tafi wani wuri. Ba wanda ya zage ni. Sai dai in na wuce a yi shiru, ni kuwa maganar Alhaji ce ke yawo a kaina: muddin tana tafiya.

Na same shi a ofishinsa ya haɗa kai da gwiwa. Na durƙusa.

"Alhaji, na wurin Kawu, in bai taɓa shi ba, komai yana ciki. Zai tayar da ita."

"Kar ka ƙarasa. Ban ji ba." Ya ɗago, idonsa ja. "Kyautar da na yi wa wanda ya rene ni? In aika a karɓo? Gara ofishin ya ƙone."

Can ya ƙwala wa Garba kira.

"Garba, yau ba inda za ni. Mota tana hannunka, a cike take da mai."

Ya tashi ya shiga ɗakin salla ya ja ƙofa. Garba ya dube ni.

"Ka gane, ko sai na fassara maka?"

Muka ƙetare gadar Shagwa, muka bi ta lambuna da wuraren gasa bulo har Tukra. Garba ya tsayar da mota nesa da gidan, bayan wani shago.

"Ni ban zo ba," ya ce. "In an tambaye ka, tsuntsu ya kawo ka."

Na tarar da Kawu a zaure da maƙwabtansa dattawa, ana shayi. Ya yi mini lale marhabin, ya sa aka matsa mini a tabarma. A ƙuryar zauren ga kwamfutarsa kan tebur, an lulluɓe ta da ƙyalle mai ado. Unguwar ba wuta, ko waya ba a ja ba. A samanta kuma ga ƙullin da na yi da hannuna, ba a ko kwance ba.

Kawu ya ga inda nake kallo, ya ce wa dattawan, "Ga yaron da ya ciro shi. Daga cikin injinsa Sule ya sa aka cire ya ba ni, yana cikin aiki."

"Ka sha gaya mana," in ji ɗaya. "Allah ya ba mu irin ɗanka."

Na sha shayi na farko, na sha na biyu, ina jira su watse. Ba wanda ya motsa. Rana tana yi, ina tuna motocin Ngeli. Na matsa na ce, "Baba, ina da 'yar magana, ko za mu koma gefe."

"Nan duk 'yan'uwa ne. Faɗi."

Na faɗa. Na yi ta kewaye-kewaye, na ce na'ura ta mutu, na ce kayan mutane suna rana, na ce za a kawo masa wanda ya fi shi. Amma duk yadda na juya ta, magana ɗaya ce, kowa kuma ya ji ta. Mai zuba shayi ya ajiye buta.

"Sule ne ya aiko ka?"

"Bai ce in zo ba, Baba."

"Da wace mota ka zo?"

Kawu ya tashi da ƙyar, ya ɗauko ƙullin. Na miƙa hannu biyu, bai ba ni ba. Ya ajiye shi a tabarma, ya tura mini da sandarsa.

"Ɗauka. Ka ce masa na gode da aro."

A mota na rungume shi a ƙirji saboda gargadar hanya. Da muka isa na ɗaura shi, na yi bisimilla, na kunna. Ta yi ƙorafinta na rashin aboki, sannan ta tashi. Shirin duwan ya buɗe, ya ga takardunsa. Akawuna suka yi sowa, wani ya ɗaga ni sama, 'yan kasuwa suna ta hamdala. Alhaji bai fito ya gani ba.

Juma'a ta zo, Kawu da ya saba leƙowa ofis duk Juma'a tun ranar kyautar bai zo ba. Labari ya zaga dangi daga Tukra har Milezi, cewa Alhaji Sule ya aika baƙo ya ƙwace kyautar da ya yi wa kawunsa a gaban mutane. Matar Alhaji ta tafi gaida mahaifinta ba ta dawo ba. A masallaci wasu dattawa suka daina ba shi hannu da kyau. Ofis yana aiki kamar da, motoci suna fita, amma Alhaji ya rame.

Da manya suka shiga tsakani aka sa ranar sulhu, ya kira ni. Bai bar ni na durƙusa ba, ya ce in zauna a kujera, abin da bai taɓa yi ba.

"Isuhu, Allah ya sani ka yi mini aiki. Ba don kai ba da yanzu na rufe. Amma maganar nan sai wani ya ɗauke ta, ni kuwa in na ɗauka gidana ya watse."

"Na gane, Alhaji."

"Za ka faɗa a gaban mutane cewa kai ka yi gaban kanka. Kawu kuma ya ce ba zai sake taka ofishin nan ba in kana ciki."

"Takardata fa, Alhaji?"

"Tana hannunka har ta ƙare."

Saura kaɗan ta ƙare, ya sani, na sani. Na so in ce idan kuma, sai na ga ba sauran abin da zan tambaya.

Abin da ya dame ni a kwanakin nan, kar in yi ƙarya a gaban dattawa. Na yi ta jera kalmomi a raina ina saukewa, har na sami waɗanda ba ƙarya a cikinsu.

Ranar muka tafi Tukra da rago a bayan mota. Zaure ya cika har waje. Aka yi addu'a, aka ce in matso. Na cire hula na durƙusa a gaban Kawu.

"Baba, ni na kawo maganar, ni na zo, ba wanda ya ce mini in zo. Ka yafe mini."

Ba wanda bai san da wace mota na zo ba a cikin zauren nan. Kawu ya daɗe yana kallona, ban ga ƙiyayya a idonsa ba.

"Baƙo ne," ya ce wa jama'a. "Bai san mu ba. Tashi, yaro, na yafe."

Sai Alhaji ya matso a kan gwiwoyinsa, ya fito da ɗan kwali daga aljihun babbar riga. Na gane shi tun daga nesa. Sabon faifai ne, irin namu sak, ya iso daga Duwala. Ya miƙa wa Kawu da hannu biyu. Kawu ya ce ai da ka bar shi, Alhaji ya rantse, Kawu ya karɓa. Ya ɗaga ƙyallen nan mai ado ya ajiye kwalin a kan kwamfutarsa, ya mayar ya rufe. Aka shafa fatiha, mata suka yi guɗa daga cikin gida.

Aka yanka rago. Alhaji da Kawu suka ci a tire ɗaya. Ni na zauna a waje jikin katanga, inda inuwa ta ɗan rage. Da za a tashi Garba ya zo da nama a takarda ya sa mini a hannu.

"Alhaji ya ce kar ka yi gaggawar kwashe kaya, har Juma'a ɗakin naka ne."

Matar Alhaji ta fito da kayanta, ta shiga baya da 'ya'yanta da wata gwaggo. Alhaji ya shiga gaba, bai dubi inda nake ba, ina jin ba zai iya ba ne. Mota ta cika. Na zaga wajen tagar Garba.

"Gobe ka gaya musu a fara tayar da gurup ya daidaita kafin a kunna serba. Kuma fankar nan kar a..."

"Isuhu," ya ce. Ranar ce kawai ya kira ni da sunana. "Ba ruwanka yanzu."

Suka tafi. Na tsaya har ƙurarsu ta kwanta, sannan na kama hanyar gada a ƙasa, naman yana hucewa a hannuna. Akwai direban da zai tashi zuwa Damagaram a makon, na san zai tambaye ni saƙon da zai kai wa Hadiza. Tun daga Tukra har bakin kogi ina neman abin da zan ce ya gaya mata, ban samu ba.